Rafin Kanya Ba Ya Cikin Littafin Kowa

Wata biyar ke nan da muka binne Baba, kuma tun ranar nake ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba. Ina tsoron in rubuta abin da ba haka yake ba, a ce na yi wa mamaci ƙarya. Ina kuma tsoron in rubuta gaskiya, a ce na tona asirin gida. Sau uku na fara, sau uku na yage takardar. Matata ce ta ce ko in rubuta, ko in daina zagaye tsakar gida kamar wanda ya yar da makulli. Abin da ya zaunar da ni yau shi ne lokaci ya kusa ƙure wa 'yata ta fari, kamar yadda zan bayyana. In na yi kuskure a wani wuri, masu ilimi su gyara mini, su yafe.

Baba yayan mahaifina ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarami, bayan mahaifina ya rasu a Kafanchan. Ya yi leburancin jirgin ƙasa har ƙarfinsa ya ragu, sa'an nan ya yi gadin ƙofa a masaƙar da nake aiki a Kakuri. A gidana ya ƙare kwanakinsa, a Nasarawa, ƙetaren kogin Kaduna. Ya rasu a daminar bana, cikin watan Yuli na 1988.

Ranar rasuwar, gidan bai ɗauki mutane ba, sai da aka jera benci har bakin kwata. Zumuntar mata ta cocinmu suka zo da tulunansu na kiɗa suka yi ta waƙa. Malam mai shago, maƙwabcinmu, Bakatsine, ya rufe shagonsa yini guda, abin da ban taɓa ganin ya yi ba in ba ranar Salla ba. Ya zauna a bencin dattawa yana share ido da hannun riga, yana cewa, "To yanzu wa zai riƙa zagina da tarihi?" Mutane suka yi dariya cikin kuka. Wata mata 'yar Binuwai da ke sayar da doya a kasuwa ta shigo ta faɗi ƙasa tana birgima, har wasu baƙi suka ɗauka 'yarsa ce.

Ana cikin haka fasto ya ja ni gefe. Ya ce, "Ɗan'uwa, sannu da haƙuri. Yaushe mota za ta tashi? Wane gari za a kai shi?"

Wanda ya san mu mutanen kudancin jihar nan ya san ba ma barin dattijo a birni. Ko shekara hamsin mutum ya yi a Kaduna, ranar da ya mutu ƙungiyar 'yan garinsu za ta ɗauki mota, a sa ganye a gabanta, a kai shi gida a kwantar da shi kusa da iyayensa. Da ƙyar na ce wa fasto, "A nan za a yi." Bai sake tambayata ba, Allah ya saka masa. Amma a maƙabarta na ji wata tsohuwa a bayana tana ce wa 'yar'uwarta, "Tsoho kamar wannan, a binne shi kamar baƙo?" Har yau maganar tana kunnena.

Abin da aka san Baba da shi a unguwa shi ne zane a ƙasa. Bai iya karatu ba, ko sunansa da babban yatsa yake sawa. Amma da la'asar, in ya zauna a gindin mangwaron ƙofar gida, sai ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya zana maka Arewa kamar yadda Turawa suka yanka ta. Yakan fara daga sama. Lardi, Razdan ke kansa. Ƙarƙashin lardi akwai yanki, nan Di'o yake. Ƙarƙashin yanki gunduma, ta hakimi. Sai dagaci, sai mai unguwa. In ya kai ƙasa sai ya soka tsinken ya ce, "Sai kai, talaka. Kai ne ƙasan tukunya, kai ke ƙonewa."

A bakin titin jirgi ya koyi wannan duka. Duk tashar da aka kai su aiki sai ya tambayi tsofaffin wurin wa suke bi, da wa suka bi kafin nan. Ya riƙe a ka, bai manta ba. Ba ya tambayar baƙo sunansa sai ya fara tambayarsa, "Wace gunduma?" In ka gaya masa, shi zai gaya maka lardin da kakanka ya zauna a ciki. Yakan ce a da akwai Lardin Nasarawa, aka rushe shi, aka ba Binuwai wani ɓangare, aka ba Filato wani, daga baya kuma aka yanko wasu gundumomin kudu daga Filato aka liƙa wa Zazzau. Sai soja suka zo da jihohi, lardi ya mutu. Sai aka kashe En'e, hukumar sarakuna, aka kawo ƙananan hukumomi, waɗanda shi har ya mutu lokal gwamman yake ce musu. Yakan ce, "Ni dai ban taɓa ganin dutse ya tashi daga inda yake ba. Amma an kwana da ni a lardi ɗaya an tashe ni a wani."

Shi da Malam mai shago kullum sai sun taɓa. Malam zai ce, "Baba, mu Katsinawa ba mu taɓa bin kowa ba." Baba zai kwashe da dariya ya ce, "Malam, ji tsoron Allah! An ajiye ku ƙarƙashin Kano, aka ɗauko ku aka kawo Zazzau, kuka yi ta ƙorafi aka ba ku naku lardin. Soja suka sake ɗaure mu da ku a jiha ɗaya. Kuma ka rubuta ka ajiye, za ku sake ficewa. Ku ba ku iya zaman haya ba." Malam zai ce, "Kai dai ka sayi sukari ko ka ba ni wuri."

Matar nan mai doya da ta yi birgima, ga dalilinta. Shekarun baya mijinta ya faɗi a bakin inji a masaƙa ya mutu. Ita yarinya ce a lokacin, a Kaduna ya aure ta, ba ta taɓa zuwa garinsu ba. Abin da aka samu a akwatinsa tsohon kati ne mai sunan wata gunduma da babu wanda ya san ta, don an canja mata suna an raba ta biyu. Aka karanta wa Baba katin a bakin ƙofa. Ya durƙusa ya zana, ya ce, "Rabin da ke gabas da kogi ne, nan danginsu suke." Bai tsaya nan ba. Ya nemi izini a wurin aiki, ya hau bayan motar tare da gawar, kwana biyu, har ya miƙa ta ga iyayen mamacin. Da ya dawo na ce masa, "Baba, mutumin da ba ka haɗa komai da shi ba?" Ya ce, "Mutum ya kwanta a ƙasarsu, shi ke nan." A lokacin ban gane abin da ke cin sa ba.

Akwai labari ɗaya da ya fi son bayarwa, na garinmu. Garin yana da suna a yarenmu, amma fatake Rafin Kanya suke ce masa, saboda manyan kanya uku da ke bakin rafin. Gidaje ne kaɗan a gindin dutse, daidai inda Lardin Zazzau ya haɗu da na Filato. An ja iyakar wurin an sake ja, har hakiman ɓangarorin biyu ba su da tabbacin na wa ne. Lokacin yaƙin Hitila aka fara diban gwamna, wato kwasar maza da ƙarfi zuwa haƙar kuza a kan dutsen Jos. Ana ba kowane hakimi adadin mutanen da zai kawo. Waɗanda aka kwasa daga garuruwan maƙwabta da yawa ba su dawo ba, sanyi da ciwo suka cinye su.

Baba ne kaɗai ya iya Hausa sosai a garin, don ya yi wa fatake dako. Saboda haka dattawa suka tura shi ya tari masinjan hakimin yamma, bayan an ɓoye samari a kogon dutse. Baba ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai mu na Filato ne. Shekaranjiya masinjan can ya tafi da 'ya'yanmu, ka ga garin ba kowa." Aka ba masinja zuma da zakara, ya juya. Bayan sati biyu na gabas ya zo. Baba ya sake faɗuwa. "Ranka ya daɗe, ai mu na Zazzau ne." Shi ma zuma da zakara. Haka aka yi ta yi har yaƙi ya ƙare, ba a ɗauki mutum ko ɗaya daga Rafin Kanya ba. Da abin ya yi daɗi, sai aka ci gaba da shi ko bayan yaƙin. Mai ƙidaya in ya zo, na can ne mu. Wanda haraji ya kama, sai ya biya ta hannun surukansa a wani gari, da sunan garin.

In Baba ya kai wurin zakara na biyu yakan kwaikwayi tafiyar masinja da zakara a hammata, mutane su yi ta dariya har da hawaye. Ni ma na yi dariyar nan shekara da shekaru. Na san dai an tashi daga garin ina goye, an watse, wasu Kafanchan, wasu Jos, wasu inda ba mu sani ba. Ban taɓa tambayar dalili ba. Da na shiga masaƙa ba wanda ya nemi wata takarda, hannuna kawai aka duba.

A 1983 'yata ta ci jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya. Tun tana ƙarama ita ke wanke wa yaran unguwa ciwo. Aka ce ta kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukumarsu. Na fara zuwa ofis a nan cikin gari, tunda a nan aka haife ta. Akawu ya ce, "Oga, haihuwa daban, asali daban. Ina ubanka ya fito?" Na hau mota zuwa ƙaramar hukumar da ke yamma da dutsenmu. Aka buɗe littafin garuruwa, aka bi da yatsa daga sama har ƙasa. "Babu. Ka gwada Filato." Na ƙetara Filato. Wani mai tabarau ya duba nasu, ya ce, "Wannan wurin ai Kaduna ne. Wa ya turo ka nan?" Na dawo gida na kwanta kwana biyu da zazzaɓi.

Sai wata ƙofa ta ɗan buɗu. A zamanin farar hula an ƙirƙiro sababbin ƙananan hukumomi da yawa, ɗaya ta faɗo kusa da dutsenmu. Kansilan wurin mutumin kirki ne. Ya ce in kawo tsohon ya yi rantsuwa, a nemi dagatai biyu su sa hannu. Baba ya sa tsohon kwat ɗinsa na reluwe muka tafi. A gaban sakatariya ya durƙusa ya share ƙasa, ya zana rafin, da kanya uku, da kogon, da hanyar da kowane masinja yake biyowa. Ma'aikata suka fito suka kewaye shi. Wani ya ce, "Wannan tsoho ai shi ne taswira." Aka buɗe mana fayil, na ga an rubuta Rafin Kanya a bayansa da jan biro. Wannan ne karo na farko da na ga sunan garinmu a takardar hukuma. Aka ce mu dawo bayan sabuwar shekara.

Kafin sabuwar shekarar ta shiga soja suka karɓi mulki, ba da daɗewa ba kuma suka soke sababbin ƙananan hukumomin duka. Da na koma na tarar da kwaɗo a ƙofar sakatariya, awaki na kwance a baranda. Na bi fayil ɗin zuwa tsohuwar hedkwata, aka ce ba a kawo ba. Gurbin 'yata aka ba wata.

Yanzu na zo wurin da ya sa na yage takarda sau uku. Wata Lahadi bayan an taso daga coci muka yi baƙi, Baba ya fara labarin zakara. Ana dariya, 'yata tana durƙushe tana zuba wa baƙi kunu, ita kaɗai ba ta dariya. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce, "Baba, don Allah ka daina ba da labarin nan! Ba ceton mu ka yi ba, share mu ka yi. Ka share mu da bakinka, ga jikarka nan tana biya."

Matata ta kama bakinta. Baba ya dube ni ya ce, "Ubanka yana cikin waɗanda na ɓoye a kogon. Da an tafi da shi, wa zai haife ka har ka girma ka yi mini tsawa a gaban baƙi?" Ya sa ƙafa ya shafe zanen da ke gabansa, ya shiga ɗaki.

Na je na durƙusa na ba shi haƙuri a ranar, ya ce ya yafe. Bayan kwana biyu ina gyara kekena zan tafi aiki, ya kira ni. Ya ce, "Zauna, akwai sauran labarin." Ya ce wasu shekaru bayan yaƙi masu auna ƙasa suka zo za a yanka gandun daji na gwamnati. Suka duba littafin gabas, suka duba na yamma, ba mutane a wurin, sai suka ja layinsu ya haɗiye garin da gonaki da kaburbura. Dattawa suka sake tura shi. Ya je wurin hakimin yamma ya ce, "Ranka ya daɗe, mu naka ne, ka cece mu." Hakimi ya ce, "Ba kai ne mai zuma ba? Ai ku na Filato ne." Na gabas ma abin da ya ce ke nan. Aka ba su zuwa bayan girbi su tashi.

Ya ce, "Na san abin da na yi tun kafin ka yi wayo. Rabin labarin nake bayarwa don shi nake iya ɗauka." Na ce, "Baba, da ka sani za ka sake?" Ya ce, "Kullum ina tambayar kaina. In na ƙirga samarin nan sai in ce zan sake. In na ga yarinyar nan ta wuce da bokiti sai in rasa amsa."

Daga ranar bai ƙara zane a gindin mangwaro ba. Ni na kashe wannan, na sani. Yara sukan kawo masa tsinke, ya karɓa ya sa a baki. Bara, da aka ba da sanarwar an cire Katsina daga jihar Kaduna, Malam mai shago ya rugo da rediyo a hannu yana cewa, "Baba, maganarka ta tabbata! Mun fice! Tashi ka zana mana sabuwar!" Baba ya yi murmushi ya ce, "Barka, Malam. Kowa ana yanka masa nasa. Mu ko wuƙar ba ta san da mu ba."

A daminar bana Baba ya ce in sayo littafi in rubuta duk abin da ke kansa, tun daga lardi har mai unguwa. Ya kuma ce ya tuna wani abu. Kafin a tashi daga garin, wani mai bishara yakan zo daga wata tashar mishan, shi ya yi wa mahaifiyata baftisma da wasu mutum kaɗan. Baba ya ga ya rubuta sunayensu a babban littafi, ya tambayi sunan garin, ya kuma rubuta gundumar da shi ya san wurin yake. "Shi ba mu yi masa ƙarya ba," in ji Baba, "don ba ya diban kowa." Ya faɗi sunan tashar sau ɗaya, ina sauri kada a rufe ƙofar masaƙa. Na ce in na dawo.

Ban sayo littafin ranar ba. Na so mai bango mai ƙarfi, ba irin na 'yan makaranta ba. Na so ranar hutu, hankali kwance. Na so 'yata ta rubuta don hannunta ya fi nawa kyau, kada in ɓata sunayen. Ina cikin wannan shirin, sati bai cika ba, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ta ɗauke. Kwana tara ya yi a asibiti. Yatsansa na hagu yana ta jan layi a kan zanin gado, in sa kunne a bakinsa, ba abin da ke fita. Sunan tashar kuwa, sunaye biyu ke yi mini yawo a kai. Na je duka biyun. Ɗaya sun ce gara ta ci tsofaffin littattafansu, ɗaya sun ce an kwashe nasu zuwa wani wuri tun da Turawan mishan suka tafi. Mai yiwuwa ma ba ko ɗaya daga cikinsu ba ce.

Shekara biyar 'yata tana tsaron kantin magani a Kakuri. Bana ta sake zama jarrabawar ta sake ci, kuma an gaya mata wannan ne na ƙarshe saboda shekarunta. An ba ta zuwa ƙarshen Janairu ta kai takardar. Wani abokin aikina ya ce kawunsa dagaci ne, zai sa hannu a ce mu 'yan garinsu ne, kowa haka yake yi. Na ce ina tsoron ranar da za a gano a kore ta. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ke nan ba. In ta karɓa, 'ya'yanta za su zama 'yan can, ƙannenta ma haka, kuma ba sauran wanda zai sake furta Rafin Kanya a gaban hukuma.

Na gaya mata haka. Ta saurare ni har na gama, sa'an nan ta ce mini, "Baba, Kaka ya ce mu na wasu ne don a bar mu mu rayu. Ni ma abin da zan faɗa ke nan. Wanne ne laifin, nasa ko nawa?" Na roƙe ta ta ba ni zuwa tsakiyar Janairu. Ta ce ta ba ni. Na san ranar za ta zo, na san kuma da ƙafata zan raka ta wurin dagacin.

Duk da haka ina roƙon masu karatu. In akwai wanda iyayensa suka fito daga wani gari a gindin dutse, mai kanya uku a bakin rafi, wanda gandun daji ya cinye a kan tsohuwar iyakar Zazzau da Filato, ya taimaka ya aiko ta hannun editan wannan jarida. In akwai tsohon mai bishara, ko ɗansa, ko mai riƙe da makullin akwatin wata tsohuwar coci, don Allah ya buɗe littafin baftisma ya bi da yatsa. In akwai tsohon masinjan hakimi da ya taɓa komawa gida da zuma da zakara, ba ƙararsa zan kai ba, so nake kawai ya gaya mini wanda ya aike shi. Ko da amsar ta zo bayan Janairu ina so. Mai rubutun allon kabari ya sa sunan Baba da ranar rasuwarsa, ya tambaye ni garin da zai rubuta a ƙasa, da gundumar. Na ce ya bar layin haka nan tukuna. Ya ce siminti ba ya jira. Ya bushe tun watan Yuli, kuma layin yana nan babu komai.